Na ɗaga motata, yanzu tana yawo a titi tana kakkarwa: babbar damfa za ta yi magani?

Wani mai Land Cruiser 80 ne ya aiko da wannan tambaya: "Na sa wa motata dogayen sifirin, ta tashi da kusan inci 4, na kuma sa tayoyi masu inci 35 a kan wili masu fitowa waje. Tun daga nan take yawo a kan titi, sai ina bin ta da sitiyari. In na sha kwana sitiyarin ba ya dawowa da kansa. Sau biyu kuma, ina gudun kilomita 80 na taka rami, gaban motar ya kama kakkarwa kamar zai wargaje, bai daina ba sai da na kusa tsayawa. An yi mini alaimen an ce lafiya lau, an ce in sa babbar damfar sitiyari. In sa?"

Ɗan'uwa, kada ka sa damfar tukuna, wato ƙaramar shokozobar da ke tare bugun sitiyari. Ina kuma roƙonka kada ka sake hawa babban titi da gudu a motar nan sai an shiga ƙarƙashinta an duba. Kakkarwar da ka kwatanta ba irin rawar da sitiyari ke yi ba ce idan taya ta rasa balansin. Waccan a wani gudu take zuwa, ka ƙara wuta ko ka rage ta ɓace. Taka kuwa rami ne ke tada ta, in ta tashi kuma ita ke ciyar da kanta har sai ka kusa tsayawa. Masu irin waɗannan motoci a Amurka rawar ajali suke kiranta, kuma ba su yi ƙari ba. Abubuwa uku ka lissafa. Yawon da rashin dawowar sitiyari uwarsu ɗaya, kakkarwar kuma gidanta daban.

Mai alaimen ɗin bai yi maka ƙarya ba, sai dai abin da ya gyara ba shi ne ya lalace ba. A mota mai aksul guda a gaba, wato ƙarfe ɗaya da ya haɗa tayoyin biyu, irin taka ko Nissan Patrol Y60 da Y61 ko tsohuwar Defender ko Jimny, abu ɗaya tak ake iya juyawa da sifana a wurin alaimen: yadda bakin tayoyin biyu ke kallon juna. Kamba, wato karkatar saman taya ciki ko waje, a jikin aksul aka ƙera ta. Kasta kuwa, wato jinginar layin da taya ke juyawa a kansa, hannuwan da ke riƙe da aksul ne suka tsaida ta, babu notin da za a murɗa. Sau da yawa ma ba a auna ta, domin aunawar sai an juya sitiyari digiri 20 hagu, digiri 20 dama, kafin na'ura ta lissafa. Ka koma ka ce a auna maka kasta, a ba ka takardar a hannu. Ina da yaƙinin lambar da za ka gani tana ƙasa da sifili.

Tayar gaba tana juyawa ne a kan wani layi da ya ratsa boris na sama da na ƙasa na gwiwar aksul. In ka tsaya a gefen mota, layin nan ba a miƙe yake ba, kansa ya ɗan jingina baya, kamar yadda wuyan keke ya jingina wajen mai tuƙi. Wannan jinginar ita ce kasta. Saboda ita, inda layin ya soki ƙasa yana gaban inda taya ta taka, taya ke nan tana biye ana jan ta, kamar ƙafar kujerar ofis da kullum ke juyowa ta bi inda aka ja ta. 'Yar tazarar nan ce ke miƙar da mota, ita ce ke dawo maka da sitiyari bayan kwana. Kamfani ya fitar da 80 da kasta wajen digiri 3. Da taya mai inci 35, daga tsakiyar wili zuwa ƙasa kusan santimita 44 ne, don haka digiri 3 tazarar santimita 2.3 kacal yake ba ka. Natsuwar motar da ta haura tan biyu a kan wannan ta rataya, sai ɗan abin da robar taya ke ƙarawa.

To me ɗagawar ta yi? Hannuwa biyu ne ke riƙe da aksul ɗin gabanka, kowanne ya kama aksul a wuri biyu, sannan ya miƙa baya ya kama casis a wuri ɗaya. Da ka sa dogon sifirin, casis ya yi sama, aksul ya zauna inda yake, hannuwan suka sunkuya. Tunda a wuri biyu suka kama shi, dole ya mirgina gaba tare da su. Lissafin ba wuya. A ce tsawon hannun santimita 85 ne, ka ɗaga santimita 10: raba 10 da 85, ka ninka da 57, ka sami digiri 6.7. Cire wannan daga 3, ka faɗa digiri 3 zuwa 4 ƙasa da sifili. Yanzu taya ba bin layin take ba, tura ta ake yi a gabansa. Gwada tura kujerar ofis ƙafarta a juye ka ga yadda take neman kaucewa. Abin da hannunka ke fama da shi ke nan a kan titi.

Hanyoyin dawo da kasta ba ɗaya suke ba, a nan kuma mutane suka fi zubar da kuɗi. Mafi sauƙi shi ne a sa wa hannuwan bushi, wato robar da bol ke ratsawa, wanda raminsa ba a tsakiya yake ba, yana dawo da digiri 2 zuwa 3. Ga wanda ya ɗaga inci 2 ya wadatar, ko da yake robar ta yi siriri ta gefe guda, tana saurin mutuwa, tana kuma rage wa aksul lanƙwasa a kan duwatsu. A motarka bakin sifili kawai zai kawo ka ya ajiye. Akwai farantin da ake ɗaurawa a jikin aksul ya sauya wurin ramin bol, yana ba da wajen digiri 5. Akwai sababbin hannuwa da aka ƙera da kusurwar a jikinsu. Akwai kuma akwatin da ke sauko da wurin da hannun ya kama casis. Ni wannan na ƙarshen na fi so ga motar da yawancin rayuwarta a kan kwalta take, domin ba kasta kaɗai yake gyarawa ba, kwantar da hannun yake ya koma yadda yake a da. Hannun da ya sunkuya, in taya ta bugi tudu sai ta yi gaba yayin da take yin sama, wato tunkarar tudun take, bugun ya shigo casis kai tsaye. Shi ya sa motar da aka ɗaga take da tauri ko da sifirin mai laushi aka sa mata. Aibin akwatin shi ne yana rataye a ƙasa, dutse na iya kama shi. Kai ka san inda kake shiga da motarka.

Sai dai kasta da farfela a jikin ƙarfe ɗaya suke zaune, ka taɓa ɗaya ka taɓa ɗayar. In ka mirgina aksul baya don kasta ta dawo, hancin difaranshal, inda farfelar gaba ta kama, sai ya duƙa ƙasa, alhali giyar da ke raba ƙarfi ta yi sama da santimita 10. Kuros, mahaɗin da ke kowane kan farfela, ba ya juyawa da gudu ɗaya in yana aiki a karkace: a kowane zagaye sau biyu yake sauri, sau biyu yake lafawa. Kuros na ɗaya ƙarshen ne ke kashe wannan, in kusurwarsu ta zo daidai, bambancin bai wuce digiri ɗaya ba. In ba ta zo ba, za ka ji gurnani da tsuma a ƙarƙashin ƙafarka, musamman in ka saki totur. Idan motarka mai makulli a wili ce, wadda farfelar gabanta ke hutawa a kan kwalta, da sauƙi. Amma yawancin 80 ƙafa huɗu suke ja koyaushe, farfelar ba ta da hutu. Maganin shi ne farfela mai tagwayen kuros ta wajen giya, ita kuma sharaɗinta hancin difaranshal ya kalli giyar kusan kai tsaye. In an ɗaga mota sosai har buƙatun biyu suka ƙi haɗuwa, gaba kura baya siyaki, to sai a yanke ƙwallon gwiwa daga jikin bututun aksul, a juya shi shi kaɗai, a sake walda. Wannan aikin ƙwararre ne mai ma'aunin kusurwa, ba na kowane mai walda ba.

Yanzu kakkarwar. Ba na so ka gyara kasta ka ɗauka ka rabu da ita, domin ba a nan gizo ke saƙa ba. Rashin kasta yana taya ta, amma tushenta sako-sako ne a wani mahaɗi. Aksul guda yana da wata ɗabi'a tun asali. In taya ɗaya ta faɗa rami, aksul duka ke karkata, tayoyi biyu masu nauyi da ke juyawa da gudu kuma in an karkatar da su sai su nemi juyawa hagu ko dama, kamar yadda wilin keke ke fizgar hannunka in ka riƙe shi yana juyi ka karkata shi. Juyawar ta tura aksul gefe, robar taya da bushi su dawo da shi, ya zarce, a sake. In komai a ɗaure yake tamau, nan take abin yake mutuwa, ba ka ma ji ba. In akwai wasan milimita ɗaya ko biyu a wani wuri, kowane zagaye ya sami inda zai ɗebi ƙarfi. Matsalar ta girmi motarka nesa ba kusa ba. Ita ta addabi motocin shekarun 1920 lokacin da aka fara sa musu tayoyi masu ƙiba da birkin gaba, tana kuma cikin dalilan da suka sa injiniya Maurice Olley da abokan aikinsa a General Motors suka ba kowace tayar gaba hannuwanta daban a motocin 1934. Kai kuma ka ƙara wa kowace ƙafa nauyi da girma, ɗan wasan da tayar kamfani ta haƙura da shi yanzu ya sami mai tada shi.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. Ajiye motar a ƙasa mai tauri da nauyinta a kan tayoyi, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin baya, a tada inji. Wani ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama, kaɗan-kaɗan amma da sauri, kai kuma ka duƙa a gaba da tocila kana ɗora hannu a kan kowane mahaɗi bi da bi. A nan hannu ya fi ido gani. Fara da sandar Panhard, wadda ke hana aksul zamewa gefe, kawunanta biyu. Ko kaurin gashi kada ta motsa a kan bol ɗinta. Cire bol ɗin ka leƙa ramin. In ya koma siffar ƙwai, ɗauri ba zai yi magani ba, sai an liƙa masa washa mai kauri da walda ya koma daidai da bol. Daga nan kawunan tayirod, sandar da ta haɗa tayoyin biyu, da na diraglin, wadda ta taso daga akwatin sitiyari, sai inda akwatin sitiyari ya kama casis, domin manyan tayoyi suna tsaga casis a wurin, tsagar kuma ba ta buɗe baki sai ana murɗa sitiyari. Duba notuna huɗun da ke ƙarƙashin gwiwar aksul, masu riƙe da hannun sitiyari. A wannan motar sukan kwance, in suka tsinke kuma sitiyari ya rabu da taya ke nan. Sannan a ɗaga ta da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In akwai wasa, a taka birki: in ya ɓace boris ɗin wili ne, in bai ɓace ba boris ɗin gwiwa ne. Shi da siraran faranti ake matse shi har ya kai nauyin da littafin motar ya faɗa, ana aunawa da sikelin ja. Wannan matsin shi ne damfar gaskiya ta aksul ɗin, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Akwai kuskuren da nake yawan tararwa a motocin da aka ɗaga. Duk bol ɗin da ya ratsa bushin roba, ba a ƙarasa ɗaure shi sai mota ta sauka a kan ƙafafunta. In an ɗaure tana rataye, robar a murɗe za ta zauna har ta yage. Idan wanda ya sa maka sifirin bai sassauta waɗannan bol ɗin ya sake ɗaure su a sabon tsayin ba, to bushinka a murɗe yake tun ranar.

Damfa tana da aikinta: ta tare bugun dutse kada sitiyari ya karya maka yatsa. Amma mota mai lafiya tana tafiya lami lafiya a kan kwalta ko an cire mata ita. Babbar damfa za ta iya danne kakkarwar na ɗan lokaci, ramin bol ɗin kuwa yana ci gaba da faɗi a ɓoye, ranar da abin ya fi ƙarfinta kuma zai dawo ne a gudun da ya fi na da. An gudu ba a tsira ba.

Ita sandar Panhard, wadda ta gaji sunan kamfanin motocin Faransa da ya fito da ita, ko bushinta lafiya lau yake ɗagawar ta taɓa ta. Ita kaɗai ke hana aksul zamewa gefe: kai ɗaya a casis, ɗaya a aksul ta ɗaya ɓangaren. Tunda tsawonta ba ya canzawa, ƙarshenta baka yake zanawa. A ce tsawonta santimita 90 ne, kuma tun daga kamfani kanta na aksul ya fi na casis ƙasa da santimita 10. Faɗin da ta ci a kwance 89.4 ne. Ka ƙara 10, ya koma 87.7. Aksul ya gusa gefe da milimita 17 ke nan. Auna da kanka daga gefen taya zuwa casis, hagu da dama, gaba da baya. Sanda mai zare da ake ƙara wa tsawo tana dawo da aksul tsakiya, amma in mota na tsaye ne kawai, domin ba ta rage gangaren ba. Duk lokacin da sifirin ya matse ko ya saki, bodi zai gusa gefe, shi ne wannan jin kamar ƙugun motar na kaɗawa in ka haye tudu. A baya gyaran mai sauƙi ne: a ɗaga wurin da sandar ta kama aksul gwargwadon ɗagawar, ta koma kwance.

A gaba kuwa kada a taɓa ta ita kaɗai. Diraglin, sandar da ta taso daga hannun akwatin sitiyari zuwa gwiwar ɗaya ɓangaren, kafaɗa da kafaɗa take tafiya da Panhard, kusan tsawo ɗaya, gangare ɗaya, kuma da gangan aka yi haka. Muddin baka ɗaya suke zanawa, aksul zai yi sama da ƙasa tayoyi na kallon gaba. Ranar da aka sauko da ɗaya aka bar ɗaya, misali aka sa hannun akwatin sitiyari mai sauka ƙasa ba a sauko da Panhard ba, duk tudun da ka taka motar za ta juya kanta ba da izininka ba. Tsaya a gaban motar ka hango su daga tsakiyar bol zuwa tsakiyar bol, kada lanƙwasar sandar ta ruɗe ka. Layukan biyu su tafi kamar layin dogo. In kuma za a gyara su tare, ɗaga su ta wajen aksul ya fi sauko da su ta wajen casis. Bodi yana kwanciya a kwana ne a kan wani wuri da ke daidai tsakiyar sandar Panhard. Ka ɗaga bodi da santimita 10, tsakiyar sandar kuwa 5 kawai ta tashi tunda kai ɗaya ne ya motsa, sai tazarar da ke tsakanin cibiyar nauyi da wannan wuri ta ƙaru, motar ta fi kwanciya. Ɗagawa ta wajen aksul tana rage tazarar, saukowa ta wajen casis tana ƙara ta.

Wilin da ka sa masu fitowa waje su ma da hannunsu a ciki. Layin nan da taya ke juyawa a kansa, in ka kalle shi daga gaban mota, kansa ya karkata ciki, ƙasansa ya nufi waje, don ya soki ƙasa kusa da tsakiyar tafin taya. Duk abin da ya rage tsakaninsu ya zama mariƙin da hanya ke kama taya da shi ta murɗa. Wilin da ya fita da milimita 44 ya ƙara wa mariƙin 44. Doguwar taya tana ɗan ragewa: daga inci 31 na tayar kamfani zuwa 35 tsakiyar wili ta tashi da santimita 5, in karkatar layin digiri 10 ce, milimita 9 aka rage. Saura 35 suna nan. Shi ya sa rami ke fizge sitiyari, mota ke bin kwarin da manyan motoci suka yi a kwalta, in ka taka birki taya ɗaya a yashi ɗaya a kwalta ta ja gefe, boris ɗin wili da na gwiwa kuma ba sa daɗewa. Farantin da ake cusawa a bayan wili shi ma abin da yake yi ke nan. Ka fitar da wili gwargwadon yadda taya za ta kauce wa hannun aksul in an murɗa sitiyari har ƙarshe, kada ka ƙara komai don kyan gani.

Bayan an gama duk wannan ake alaimen, ba kafin ba. Bakin tayoyin ya ɗan shigo ciki da milimita 1 zuwa 3, da tayirod ake saita shi. Miƙar da sitiyari kuma da diraglin ake yi. Ba a cire sitiyarin a sake dasa shi don ya yi wa ido daidai, domin akwatin yana da tsakiyarsa inda ba shi da wasa, dole tsakiyar nan ta dace da miƙaƙƙiyar tafiya. A sababbin motoci irin Wrangler JK da JL, in sitiyari ya karkace kwamfutar hana zamewa sai ta ɗauka kwana kake sha, ta fara kama birki da kanta. Hannuwan da tayirod ya kama kuma kada a lanƙwasa su da wuta don su kauce wa wani abu. An karkatar da su ne don tayar ciki ta fi ta waje juyawa a kwana, tsarin da Georg Lankensperger ya fito da shi a Munik don keken doki, Rudolph Ackermann ya yi masa rajista a Ingila a 1818 har sunansa ya bi shi. Ban da ɓata wannan, wuta tana kashe ƙwarin ƙarfen.

Ba ka tambayi birki ba, amma ba zan yi shiru a kansa ba. Motarka tana da bawul a baya da ke auna tazarar bodi da aksul don ya san yawan kayan da aka ɗora. Da ka ɗaga ta, ya ɗauka babu komai a ciki, ya rage wa ƙafafun baya birki, a daidai lokacin da tashi daga inci 31 zuwa 35 ya riga ya cinye kusan kashi 11 cikin ɗari na ƙarfin birkin. A ɗaga sandarsa ta wajen aksul gwargwadon ɗagawar. A saki aksul ya rataya gaba ɗaya a ga ko tiyon birki ya miƙe ya ɗaure, a kuma matse shi a ga ko shokozoba ce ke ƙarewa kafin robar tsayawa ta taɓa. Agogon gudu ma ba gaskiya yake faɗa maka ba yanzu: 80 ɗin da ka gani ranar da ta yi kakkarwa, 90 kake yi.

Waɗanda motocinsu ba irin taka ba ce labarinsu ya ɗan bambanta. Mai sifirin falle-falle a gaba, irin Land Cruiser 40 da 60 da 75, in ya ƙara wa shakul ɗin gaba, wato ƙarfen da ya rataya kan sifirin a jikin casis, tsawon santimita 5, rabin haka kawai motar za ta tashi, amma a sifirin mai santimita 110 ya zubar da kasta digiri 2.6. Sai ya sa weji na ƙarfe, ba na alminiyam ba, tsakanin sifirin da aksul, kuma kada ya kuskura ya sa bulo a aksul ɗin gaba. Mai Hilux daga 2005, ko Prado 120 da 150, ko Land Cruiser 200, wanda kowace tayar gabansa ke da hannuwanta sama da ƙasa, ɗagawa ba ta ƙara masa tsawon tafiyar taya, wurin zamanta kawai take sauyawa. In taya tana da santimita 10 na sauka ka ɗaga 6, saura 4, kowane ɗan rami sai ƙafa ta kai ƙarshe ta buga ta bar ƙasa. Hannun sama ya sunkuya, boljoyin ya kai iyakarsa, kasta ta ragu, shaf yana aiki a karkace robarsa na yagewa, tayirod da aka tsara ya zana baka ɗaya da hannuwan kuma ya shiga ɓangaren da suka saɓa. Irin waɗannan motoci wajen milimita 50 ne iyakarsu in ba a sauya hannun sama ba. A Ostareliya, inda gyaran irin waɗannan motoci ya zama babbar sana'a, ƙa'idarsu ta VSB 14 milimita 50 ta sa a matsayin mizanin da in an wuce shi ake neman sa hannun injiniya, ko da yake jihohinsu suna da ɗan bambanci.

Da motar tawa ce, ga abin da zan yi. A mota mai aksul guda, sifirin ba ya ƙara wa difaranshal nisa da ƙasa ko da milimita ɗaya. Taya kaɗai ke yin wannan, tsakanin inci 33 da 35 kuma inci ɗaya ne bambancin a ƙarƙashin aksul. Dubi abin da ake biya a kansa. Hukumar NHTSA ta Amurka tana auna saurin kifewar mota ta hanyar raba faɗin ƙafafu da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Motar da faɗin ƙafafunta mita 1.6 ne, cibiyarta a santimita 75, tana da 1.07. Ka ɗaga cibiyar da santimita 13, ta koma 0.91, ko an haɗa da faɗin da wili suka ƙara ba ta wuce 0.96 ba, tun kafin a ɗora komai a saman rufi. In yawancin tafiyarka kwalta ce da hanyar ƙasa, zan sauko da ita inci 2, in sa 33 a wilin da bai fita sosai ba. A wannan tsayin bushin kasta ko ƙaramin akwati ya isa, farfelar kamfani ma galibi tana zama lafiya. In kuwa wuraren da kake shiga sai da 35, to riƙe tsayinka, amma ka ƙarasa aikin da ka fara: kasta, farfela, Panhard da diraglin, birki, duka.

Ko wanne ka zaɓa, gwajin kaɗa sitiyari za a fara yi kafin a sayi komai. Ka riƙa sauya abu ɗaya-ɗaya, kana gwadawa a hanyar da ba kowa, ka fara da gudun 40 kana ƙarawa. In kakkarwar ta sake kama ka, kada ka daka birki. Riƙe sitiyari da hannu biyu ba tare da ka yi kokawa da shi ba, saki totur, rage a hankali har ta lafa, sannan ka gangara gefe. In ka karɓo takardar alaimen, turo mini lambar kasta ta hagu da ta dama, da tsayi daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi a ƙafafun huɗu, da kusurwar farfelar gaba a kawunanta biyu. Da su za mu san ko faranti za ka saya ko hannuwa.